Bindigar Kakan Mohannad

Shekara talatin Baba Abduljalil yana gyaran keken ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Waziriyya ta Jidda, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Bahaushen Sudan ne, daga wajen Sennar. Kafin umra ta kawo shi Jidda, shekara shida ya yi yana gyaran bindigogin soja, amma ba ya son a tayar da zancen.

Tsohon kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa yake zaune a ƙasar, ya rasu, takardun Baba suka koma hannun ɗansa Mohannad, wanda Baba ya sani tun yana yawo ba wando. Saura sati uku iƙamar Baba, wato takardar izinin zamansa, ta mutu, sai ga Mohannad da wani dogon abu naɗe cikin bargo.

"Ya ammi, bindigar kakana ce. Sakatarta ta ƙi motsi. Ranar bikin ƙanena nake so in harba ta a ƙauye."

"An hana harbi a biki, ai ka sani."

"Harsashi ɗaya ne. Gyara ta, in na dawo sai mu zauna kan maganar iƙama. Yalla."

Baba ya gane ta tun kafin a gama kwance bargon. Tsohuwar bindigar sojan Ingila ce, wadda a Sudan suke kira abu ashara. Ya jiƙa ta da kananzir, ya bi ta da man keke, kullum yana ɗan taɓa sakatar ba tare da ya matsa mata ba. Rana ta huɗu ta buɗe. Ya goge katakon har ya koma kalar dabino.

Sai da ya leƙa bututun ya ga babu haske. Wani mai son alheri ya cusa tsumma a bakinta shekaru da yawa don kada ƙura ta shiga. Da ya zaro tsumman sai ya ga ya sha laimar Jidda ya ƙoshi, tsatsa ta cinye ƙarfen ta ciki har ya yi rami. Daga waje kuwa kamar amarya.

Ya daɗe a zaune da ita a cinya. In ya miƙa ta haka, Mohannad zai yi murna ya sabunta masa iƙama. Baba kuwa ya taɓa ganin fuskar sojan da irin wannan bututu ya fashe masa. Ya zare allurar da ke dukan harsashi, ya guntule ta da zarto.

Da Mohannad ya dawo, Baba ya kunna fitilar waya a gindin bututun.

"Leƙa ka gani."

"Ka goge mana."

"Rami ba ya goguwa, ya waladi. Na kashe ta. A bango za ta zauna."

"Wa ya ba ka izini? Kayan kakana ne!"

"Ba wanda ya ba ni."

Mohannad ya naɗe bindigarsa ya fita ba sallama. Baba ya koma kan kekunansa, yana zura zare yana kuskuren ramin allura, kwana goma sha bakwai.

Ana gobe iƙamar za ta mutu saƙo ya shigo wayarsa: an sabunta, shekara ɗaya. Mohannad dai bai sake taka shagon ba, in akwai takarda direba yake aikowa. Kowace Juma'a Baba yana aika masa gaisuwa ta waya, yana gani an karanta, ba a amsawa.