Akwatin Baba Patale da Ya Gaza da Yatsu Huɗu

Da ƙarfe bakwai na safe Baba Patale Zuwa yake buɗe rumfarsa ta walda a bayan tashar motocin Pala, gefen hanyar Lere. Ya share gaban rumfa, ya warware wayoyinsa, ya jingina sandar awonsa a bakin ƙofa. Kafin ya gama, matarsa Mama Mafing ta iso tana jan ƙafarta ta hagu, da kaskon suyar karfasa a ka, ta zauna a kan tsohuwar tayar da ta zame mata kujera. Shekara talatin da huɗu ke nan haka. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, don yanar ido ta cinye masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara ganin hazo. Tun da na ji labarin hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun da masu satar mutane suka addabi hanyar Lame da Gagal, duk mai a-kori-kurar da ya samu takardar izini sai ya ajiye sha-biyu a mota, bindigar farautar nan mai baki ɗaya da ake karyawa a tsakiya a sa mata harsashi. Ban ga laifin kowa ba. Ni ma tun da na bar koyarwa nake bin kasuwannin ƙauye sayen riɗi da gyaɗa, na san yadda miyau ke ƙafewa a bakin mutum idan ya hango itace a gicciye kan hanya. Amma bindigar da ke cikin motarka ita ma abin tsoro ce, kuma ta fi ɗan fashi kusa da kai.

Baba Patale ne mai ƙera akwatin ƙarfen da ake mannawa a bayan kujera a kulle bindiga ciki. Akwatinsa kuwa kullum gajere ne. Duk tsawon bindigarka, sai ya gaza da yatsu huɗu. Ba ta shiga sai ka karya ta biyu. A ciki kuma ya manna wani ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa, wanda dole ya shige ramin da harsashi ke zama kafin bindigar ta kwanta. In da harsashi a ciki, ko ka hau kan murfin ka yi rawa ba zai rufu ba.

Ni ce kan gaba wajen raina wannan aiki, gara in faɗa da bakina. Ranar da marigayi maigidana Fadane ya kai motarmu ta farko, na bi shi, na ga an miƙa bindiga ta ƙi shiga. Ni da na yi shekara ashirin ina koya wa yara lissafi, ina zan iya yin shiru?

Na ce, "Baba, awon nan naka ya sha burkutu ne? Ya gaza da yatsu huɗu cur!"

Bai ko ɗago ba, ya ce, "Metres, kin ƙidaya daidai." Haka ake kiran malamar makaranta a nan, kuma har yau bai canja mini suna ba.

"To ka gyara mana."

"Ba ya gyaruwa."

Mama Mafing ta juya kifinta ta ce, "Rabu da shi, 'yar'uwa. Rowar ƙarfe ce. Ni ma da ya ƙera mini gado, ƙafafuna a waje suke kwana."

Aka kwashe da dariya, shi kuwa ya ci gaba da aikinsa. Daga ranar na riƙa ce masa Baba Gajeren Awo, 'yan tasha suka ɗauka, sunan ya bi shi.

Shekarar da ruwa ya cinye gadar kwarin Gagal, Wangso direban motar auduga ya kife da a-kori-kurarsa a gangaren. Mutum tara ne a ciki, har da mace mai goyo. Motar ta juya sau biyu. Wangso da kansa ya gaya mini cewa da ya rarrafo waje, akwatin ya fara dubawa. Ya lotse kamar gwangwanin madara, bindigar na ciki a karye, harsasai na aljihunsa na gaba. Ya ce, "Metres, da a ɗure take a bayan kujera yadda na saba da, wallahi da yau wani na cikinmu labarinsa ake bayarwa." Kowa ya fita lafiya, illa mutum ɗaya da ya karye a hannu.

Ba kowa ne ya gode ba. Jonga mai sayen shanu ya zo wata Litinin yana kumfar baki, a gaban idona. An tare shi a hanyar Lame, mutum biyar da manyan bindigogi, suka kwashe komai suka bar shi da gajeren wando.

Ya ce, "Tsohon nan, kai ka cuce ni! Kafin in buɗe kwaɗo, in fito da ita, in sa harsashi, sun iso ƙofata!"

Baba Patale ya ajiye guduma ya ce, "Su nawa ka ce?"

"Biyar!"

"Bindigarka harsashi nawa take ci?"

"Ɗaya mana, tambaya kake?"

"To da ka riga su harbi, yau wa zai zo ya zage ni?"

Mama Mafing ta miƙa wa Jonga kifi a takarda ta ce, "Ci, ɗana. Matattu ba sa cin karfasa." Ya ci kuwa, yana ci yana ƙunƙuni. Ban ce Baba ya warware matsalar hanya ba. Har gobe tsoron yana nan, kuma akwai ranar da jinkirin buɗe akwati zai iya cutar da mutum, shi ma ya sani. Abin da yake cewa shi ne, ɗan fashi sau ɗaya a shekara kake haɗuwa da shi, gargadar hanya kuwa kullum kana kanta.

Dalilinsa na gajarta akwatin ban san shi ba sai bara. Ina zaune gefen Mama Mafing ina jiran mota, na ga tana murza gwiwarta, na tambaye ta ko shan inna ce tun tana ƙarama. Ta yi dariya har da tafa cinya.

Ta ce, "Wace shan inna? Ni da nake rawa a bikin girbi har maza su manta da tulun burkutu? Bindiga ce, 'yar'uwa. Muna da wata biyar da aure, shi yana tuƙa motar wani ɗan kasuwa. Ya kwantar da bindigar maigidan a ƙasan kujera, ya rantse mini babu komai a ciki. Muka faɗa wani rami kafin Lere, ta tashi da kanta. Ba wanda ya taɓa kunamarta."

Na dafe ƙirji na ce, "Wayyo Allah! Kuma kika bar mu muna masa tsiya duk shekarun nan?"

Ta ce, "Shi ya hana in faɗa. Wai in mutane suka ji, tausayinsa za su ji, ba akwatin za su duba ba. Ni kuwa tsiyar tana mini daɗi, ai bashin rawata nake karɓa."

Na nemi izininsu kafin in rubuta wannan. Ita ta ce in rubuta da manyan baƙaƙe. Shi ya ce, "Yanzu kam ba komai, tunda rufewa zan yi."

Abin da ya hana ni barci a bana ɗana ne, Yadang. Shi ke tuƙa sabuwar motarmu mai kujeru gaba da baya, ya kuma gaji bindigar babansa da takardarta. Tsohon akwatin ya tafi da tsohuwar mota. Mako uku yana cusa bindigar tsakanin kujerun gaba biyu, gindinta a ƙasa wajen giya, bakinta na kallon kujerar baya. A kujerar bayan nan matarsa ke zama da cikinta wata bakwai, da 'yarsu Mayang mai shekara huɗu, duk ranar da muka biya ta asibiti ko coci. Ina gaba ina addu'a, kowane rami muka faɗa sai in waiwaya in dube su.

Na ce ya je wurin Baba Patale. Ya ce, "Haba Mama, tsohon da ba ya gani? Akwai sababbin masu walda a bakin kasuwa, suna yin dogon akwati, ka ɗaga murfi ka zaro ta a shirye. Kuma ai babu komai a cikinta, ni na cire da hannuna."

Da na ji kalmar nan, babu komai a cikinta, sai ƙafar Mama Mafing ta faɗo mini a rai. Na ce masa motar da kuɗin riɗina aka saye ta, ko ya je ko ya ajiye mini makullina. Ya yi kwana biyu ba ya gaishe ni da kyau, a na uku muka tafi.

Baba ya auna bindigar da sandarsa, da laluben hannu ya fi yi da ido. Ya ce mu dawo Alhamis. Ranar Alhamis da hantsi muka koma gaba ɗayanmu, Mayang na kujerar baya tana cin kifin da Mama Mafing ta ba ta. Aka manna akwatin. Yadang ya zaro bindigar, ya karya ta yana hira da wani direba, ko kallonta bai yi ba, ya tura ta ciki. Ta ƙi kwanciya. Ya sake turawa da ƙarfi, murfi ya ƙi rufuwa.

Ya juyo gare ni ya ce, "Kin gani ko, Mama? Na faɗa miki idon ya tafi. Wannan karon har yatsan ƙarfen ya kuskure."

Baba Patale ya ce, "Miƙo mini ita, ɗana. Bakinta ƙasa."

Ya karɓa, ya shafa ramin harsashin da babban yatsa, ya tsaya cak. Ya sa farce ya ƙwaƙulo, sai ga jan harsashi ya faɗo a tafin hannunsa. Ashe ɗan ƙarfen da ke tunkuɗo harsashi idan an karya bindiga ya daɗe da gajiya, harsashin ya lafe a ciki. Yadang ya ga harsasai a aljihunsa ya ɗauka ya cire duka.

Yadang ya kalli harsashin, ya kalli kujerar baya, Mayang ta ɗaga masa kan kifi tana dariya. Ya zauna a ƙasa cikin ƙurar ƙarfe ya rufe fuska. Mako uku, jama'a! Mako uku a kan gargadar Gagal!

Baba bai yi masa faɗa ba. Ya saka bindigar, ta kwanta lumui, ya rufe murfin, ya danna kwaɗo, ya sa masa makullin a hannu. Ya ce, "Ni ma na taɓa rantsewa babu komai a ciki. Tashi ka kai su gida."

Baba Patale, yau da kai nake. Kai ne ka yarda a kira ka marowaci, a kira ka wanda bai iya awo ba, shekara talatin da huɗu, ba ka ƙara ko yatsa ɗaya don a daina dariya ba. Kai ne ka ga masu saye suna wucewa zuwa inda za a yi musu abin da suke so, ka haɗiye. Kai ne kake kallon ƙafar matarka kowace safiya kafin ka ɗauki sandar awo. Ba ka san yawan mutanen da ka tsare ba, su ma ba su sani ba, don wanda harsashi bai same shi ba ba ya zuwa godiya. Na gode, Baba, na gode wa Mama Mafing. Allah ya ba ku hutu mai daɗi, ya bar maka sauran hasken idon nan.

Tsorona yanzu ranar da za a kulle rumfar nan. Dogayen akwatuna sun cika bakin kasuwa, kuma samari su suke so. Ku masu walda na Pala da Lere, sandar awonsa tana nan jingine a bakin ƙofa har ƙarshen wata, ya ce duk mai so ya zo ya gwada tasa da ita, kyauta. Ku je tun yana zaune. Ku kuma matan direbobi da iyayensu, ku leƙa bayan kujera yau, in kun ga bindiga ta shiga akwati a miƙe, ku tayar da rigima, ni zan tsaya muku.

Jan harsashin nan yana kan teburina, kusa da tsohon jan biron da nake duba lissafin yara da shi. Mayang ta shigo ɗazu da gudu tana neman ruwa. Baba Gajeren Awo, Metres ta sake duba aikinka. Ni ce na faɗi jarrabawa, awonka daidai yake.