Ogan ɗin Baba Tizhe

Da safiyar nan, ina cikin keke a hanyar kasuwa, aka bugo mini waya cewa Baba Tizhe ya rasu.

Ga waɗanda ba su san shi ba, dattijo ne a majami'armu ta Wuro Patuji. A ƙuruciyarsa ya yi aiki a Legas, yana gyaran wani gagarumin ogan na zauren taro, wato abin kiɗan nan mai bututu da ke aiki da iska. Ya ce babban bututunsa mutum zai iya kwanciya a ciki, kuma idan aka kaɗa shi har a ƙirji ake jin rugugin.

Da ya dawo gida sai ya ƙera nasa a rumfar kwano, da bututun ruwa na roba da zugazugin maƙera. Shi yana kaɗawa, matarsa Mama Kwanye tana zuga iska.

Ranar da na zo hutu ba takalmin kirki, shi ya ba ni nasa na hau mumbari na yi karatu. Bai taɓa tada zancen ba.

Ni kuwa da na kammala digirina na injiniya, na tsaya a gabansa na gabatar da doguwar lacca kan kimiyyar sauti da juyin juya halin fasaha. Na tabbatar masa cewa manhajar kiɗan da ke wayata ta mayar da wahalarsa tarihi.

Ya yi dariya. "Injiniya, naka yana magana. Nawa yana numfashi."

Buƙatarsa a wurina guda ɗaya ce. Mai kaɗa ogan yana zaune ne a gindin bututu, ba ya jin abin da mutanen nesa suke ji. Bai taɓa sauraron nasa daga nesa ba, kuma a unguwar ni kaɗai na iya kaɗa kibod, wanda madannansa irin na ogan ne.

Makonni uku da suka wuce ya tare ni a bakin titi, ya riƙe hannuna. "Waƙa ɗaya kawai, ɗana. Ka buga, ni in koma bakin ƙofa in ji ko na yi daidai."

Na ce ina da intabiyu a Yola, sai na dawo.

Na dawo tun kwana goma. Ban je ba. Gaskiyar ita ce ina kunyar abokaina su gan ni ina kaɗa bututun ruwa.

Ɗazu na je gaisuwa. Mama Kwanye ba ta yi mini faɗa ba. Ta nuna mini wata kujerar roba can bakin ƙofa, ta ce tun ranar da na yi alkawari ya ajiye ta, ya hana kowa ɗauka.

Na kasa ɗaga kai.

Ubangiji ya karɓi bawansa cikin salama, ya ta'azantar da Mama. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙo ya saka Baba a addu'a. In da sauran wuri, ya roƙa mini gafara.