Maɓalli na Biyu daga Dama

Shekara tara na yi ina jan tasi tsakanin Parakou da Djougou, a zamanin juyin juya hali, lokacin da kowa kamarad ne, har wanda zai tsayar da kai a rana ya zazzage maka kaya. Motar ba tawa ba ce. Ta wani Alhaji ce a Zongo, tsohuwa ƙirar Faransa, kuma da rediyonta ta zo tun daga kamfani. Sautinsa mai kyau ne, sai dai tasha ɗaya yake kamawa sosai, ita kuwa daga jawabi sai waƙar yabon jam'iyya, sai kuma wani jawabin.

Ni ɗan Nijar ne. Mahaifiyata, Inna, tana can ƙauyenmu bayan Dosso tare da ƙanwata. A lokacin ban iya karatu ba, ita ma haka, kuma ba ta son mai rubuta wasiƙa ya san cikin gidanmu. Don haka da kaset muke magana. Kaset ɗaya ne tak, gefe ɗaya nata, gefe ɗaya nawa. Takan ari rakodar maƙwabci ta yi maganarta a kan wadda ta yi a baya, wani direban babbar mota ɗan ƙauyenmu ya kawo mini, ni ma in juya in yi tawa, ya mayar. A bayan kowane kaset akwai ɗan haƙori na roba. Idan an karya shi, ba a iya ɗaukar wata magana a kai. Kaset na waƙa duk a karye suke zuwa. Namu ba mu taɓa karyawa ba, tunda da shi muke zuwa da dawowa.

Ina da ƙaramar rakoda mai hannun ɗauka, da maɓalli shida a jere. Akwai rubutu a jikin kowanne, amma ni da ƙirge na san su. Na biyu daga dama shi ne na sauraro. Na biyu daga hagu, ja, shi ne na ɗauka. Ko ban duba ba yatsana ba ya kuskure.

A shekarar da nake magana batir ya ɓace a gari. Ka je kanti a ce babu, ka je kasuwa a sayar maka da wanda ya riga ya sha aiki, an shanya shi a rana don ya ɗan farfaɗo. Irinsa ne a cikin rakodata ranar da ɗan ƙauyenmu ya miƙo mini kaset, a farkon bazara. Ya ce Inna ta rame amma tana tashi. Ya ce zai wuce Cotonou ya yi lodi, bayan kwana biyar zai biyo ya karɓi amsa.

Na koma ɗakina na kunna. Ta gaishe ni, ta tambayi aiki, ta ce ƙanwata tana gaisuwa. Sai muryar ta fara ja, tana kauri. Na ji ta ce, "Yanzu ka natsu, akwai maganar da na kori kowa daga ɗaki don in faɗa maka." Daga nan sai gurnani kamar na namiji mai barci. Na tsayar. Ban so in ji uwata da wannan murya ba.

Kwana biyu ina neman batir na kirki ban samu ba. A rana ta uku na je wurin wani mai gyaran rediyo a Zongo, ɗan gari ne tun kakanni, wanda ba ya gama magana sai ya sa mata Faransanci. Ni dai so nake ya jawo mini wuta daga batirin mota. Ya ce wuta ba matsala ba ce, amma da ƙarar injin nan da gargadar hanyar Djougou me zan ji daga lasifika kamar murfin kwalba? Ya ce in bari ya haɗa rakodar da rediyon motar, sauti ya riƙa fitowa ta can. Na je na nemi izinin Alhaji. Ya yarda, da sharaɗin kada a ga komai daga waje, domin masu shinge suna son rakoda. Sukan ce bari su saurara ko akwai maganar maƙiyan juyin juya hali a ciki, kuma sauraron ba ya ƙarewa.

Na tsaya ina kallon aikin tun daga farko. Ya ciro rediyon ya buɗe bayansa, ya bi wayoyi da bakin sukuddireba har ya kai ga wadda take shiga abin ƙara murya. Ya yanke ta, ya sa ɗan makunni a tsakani, ya liƙe da dalma, da ƙarfen da yake gasawa a kaskon gawayi. Ya ja waya ɗaya zuwa ramin da ake sa abin kunne a jikin rakodar, ya ja wata daga batirin mota ta bi ta wani ɗan abu da ya ce yana rage ƙarfin wuta don kada ta ƙone. Sannan ya kwanta rigingine a cikin motar, ƙasan sitiyari, ƙafafunsa a waje, ya ɗaure rakodar a ƙarƙashin gaban mota da robar tayar keke, bayanta a sama, fuskarta tana kallon ƙasa, maɓallan suna fuskantar gwiwata. Ya sa wani kaset na waƙa, yana kwance ya danna. Kiɗa ya cika motar har telolin da ke kusa suka leƙo.

Ya ce, "Ka ji, direba? Yau motarka ta fi ta minista."

Na ce ya rage murya, ba mu kaɗai ba ne a layin.

Ya ce, "Pardon. Ta fi ta kamarad minista."

Ya nuna mini makunnin, sama rediyo, ƙasa rakoda. Bai ce komai a kan maɓallai ba. Shi ya yi lakwal, wato makarantar boko, rubutu yake kallo ya danna, bai zo masa a rai ba cewa akwai mai ƙirgawa. Ni ma ban tambaya ba. Telolin suna tsaye, don haka ban sa kaset ɗin Inna a wurin ba.

Washegari da safe Alhaji ya aike ni Djougou in ɗauko yayarsa da ta je biki. Tafiya ce ba fasinja, ni kaɗai, kuma na ji daɗin haka. Na sa kaset ɗin tun daga gida, daidai inda na tsayar da shi. A shingen da ke bayan unguwar Albarika na ɗaga makunni sama, jawabi yana ta tashi, suka leƙa, suka ce kamarad ya wuce. Da na yi nisa na mai da makunni ƙasa, na kai hannu ƙarƙashi, na ƙirga, ɗaya, biyu daga dama, na danna.

Babu komai sai ɗan huci a lasifika.

Na ƙara murya. Na ɗaga makunni, jawabi ya fito. Na sauke, shiru. Na sa hannu na ji rakodar tana motsi, kaset yana juyawa. Sai na ce to wayarsa ce ta saki, bari in bar ta a kunne, ƙila in mota ta faɗa rami ta kama. Na bubbuga gaban motar da tafin hannu. Ni ba mai yawan faɗa ba ne, abokan aiki har tsokanata suke yi da haka, amma ranar na zagi mutumin nan, da dalmarsa da Faransancinsa. Haka na yi ta tafiya a jar hanya ina taɓa makunni ina zagi, har na ji ƙwas, maɓallin ya tashi da kansa.

Sai wajen Sérou na tsaya a ƙarƙashin wata kaɗanya don in duba wayar. Na kwanta rigingine yadda ya kwanta, na ɗaga kai. Waya tana nan daram. Abin da na gani shi ne jan maɓallin yana wurin da yatsana ya saba samun na sauraro. Tunda an kife rakodar, hagu ta koma dama.

Na daɗe a kwance kafin in iya mai da kaset baya. Da wutar mota muryar Inna ta fito tas, kamar tana zaune a kujerar baya. Ta gaishe ni, ta tambayi aiki. Ta ce ta kori kowa daga ɗaki. Sannan abin da gurnani ya ɓoye mini ya fito: "Ka san tun rasuwar babanka ban taɓa roƙonka komai ba. To yau…" Sai ƙarar inji. Minti kusan talatin na inji, da kwaramniyar ƙofa, da guntayen jawabi, da muryata. Sau uku na ji kaina ina zagin uwar mai gyaran rediyo.

Na ɗauko yayar Alhaji. Ta ce ƙanenta ya gaya mata motar ta samu kiɗa, in kunna mata. Na ce rakodar ta lalace. Ta ce 'yan Nijar ko sabon abu aka ba su sai sun koya masa rowa. Na ce haka ne, Hajiya.

Da na koma wurin mai gyara na gaya masa abin da ya faru, ya kama baki, ya yi salati. Sai ya leƙa ƙarƙashi, ya nuna da yatsa, ya ce, "Amma ai ga shi nan a rubuce, direba." Ba da mugunta ya faɗa ba. Na ce ya kwance mini rakodata, ya mai da rediyon yadda yake.

Kwana ɗaya ya rage ɗan ƙauyenmu ya biyo. Na san abin da ya kamata in yi, in ce Inna na yi ɓarna, ki sake faɗa. Amma mace ta yi shekaru ba ta roƙe ka komai ba, ranar da ta roƙa ka aika mata da zagi a kan maganarta? Na gaya wa kaina cewa ko mene ne ta nema, amsata to ce. Na ce da Babbar Salla zan je da kaina, in zauna kusa da ita, in bi da dabara har ta maimaita ba tare da ta gane ba. Na sayi sabon kaset, na ari rakoda mai wuta a shagon wani tela, na gaishe ta, na ba ta labarin gari. A ƙarshe na ce, "Inna, na ji duk abin da kika faɗa. In Allah ya yarda zan yi." Ɗan ƙauyenmu ya tambayi tsohon kaset, na ce ya gaji.

Ba ta kai Salla ba. Damina tana tsakiya saƙo ya iso, kuma kafin in samu takardar wucewa in kai gida an yi kwana shida da binne ta.

Bayan masu gaisuwa sun ragu, ƙanwata ta same ni a zaure da rana. Ta ce da kaset ɗina ya zo, Inna ta saurara sau uku, ta ce alhamdu lillahi ya yarda. Ta sa aka share tsohon ɗakina aka yi masa sabon daɓe. Duk ranar kasuwa, lokacin da motoci suke shigowa, sai ta sa a fitar mata da tabarma ƙofar gida. Ba ta gaya wa kowa abin da take jira ba. Daga baya ta daina cewa a fitar da tabarmar.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, me ta ce ka yi?"

Na gaya mata gaskiya duka, har da zagin. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Da ka ce ba ka ji ba, da ta sake faɗa. Yaushe Inna ta taɓa gajiya da maimaita maka magana?"

Ƙila cewa ta yi in dawo gida kafin shuka. Ƙila wani ta ce in kawo mata, ko wani abu. Na tambayi maƙwabcin da ya ara mata rakoda, ya ce shi danna mata kawai ya yi ya fita, ya ja ƙofa.

Yanzu ina zuwa ajin manya da yamma, kuma duk abin da aka rubuta a jikin maɓalli ina iya karanta shi. Kaset ɗin yana cikin akwatina, na karya masa haƙori tun a Sérou. Nakan sa shi wani lokaci, da batir mai kyau. Da farko ina tsayarwa da zarar ta ce "To yau". Daga baya na ga ba ni da ikon tsayarwa, tunda ni na yi sauran, sai in bar shi ya tafi har ƙarshe.