Ramukan da ke Wuyan Jitar Yaya

Kowa a layin Injiniya yake ce masa, har matarsa idan tsokana ta motsa mata. Babu makarantar da ta ba shi wannan suna. Rediyoyin unguwa ne suka ba shi, shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce, lokacin da rediyo take da daraja, ana ɗinka mata riga a ɗora ta kan kabad. Da zamaninta ya ja baya sai ya koma gyaran fanka da dutsen guga da tocila, a wani ɗan shago mai faɗin tabarma biyu, tsakanin tela da mai yankan gilashi. Ubansa kafinta ne, kuma a wurinsa ya gaji hannun da ba ya iya ganin tabo ya ƙyale. Ka kawo masa fanka don ta daina ƙara, ka dawo ka tarar ya wanke fukafukanta ya shafe su da fenti, kai da fankarka ku tsaya kuna kallon juna. Matarsa takan ce ita fa a tsorace take zaune da shi, kada wata rana ta ɗan kishingiɗa ya bi fuskarta da samfefa.

Mutum ne kuma mai yawan tafiya yana zaune. Da rana ta karya, haske ya ratso ta hudojin kwanon rumfa ya zuba kan teburinsa, hayaƙin dalma yana tashi siriri, sai ka ga idonsa ya tsaya wuri ɗaya. Tela yakan kira shi sau uku kafin ya dawo. Bai taɓa gaya wa kowa inda yake zuwa ba, amma wuri ɗaya ne kullum: wani babban ɗakin taro mai fitilu ja da kore, yayansa a tsaye da farar riga, jita rataye a kafaɗarsa.

Yayan nan ya girme shi da shekara shida. Shekara ashirin ya yi yana kaɗa jitar lantarki a wata ƙungiyar makaɗa, har ƙungiyar ta watse, ya kama tuƙin mota, jita ta shige ƙarƙashin gado. Shekara biyu da suka wuce ciwon suga ya tafi da idonsa. Tun daga nan mutumin da yake cika gida da dariya ya koma bakin gado, fuskarsa ga bango. Maganarsa ba ta wuce eh da a'a, abinci ma sai an yi da gaske. Likita ya ce jikin da sauƙi, mai jikin ne ya saki. Injiniya yakan je duk mako ya zauna, ya yi surutunsa shi kaɗai, ya dawo gida zuciyarsa a jagule. Tsoro yake ji ƙwarai, don ya ga yayansa yana ficewa daga duniya a hankali, ba mai korarsa.

Wata rana da hantsi 'yar yayan nasa, malamar makaranta, ta shigo shagon rungume da wani dogon baƙin akwati.

"Baffa, jiya na leƙa ɗakin Baba na ga yatsunsa na hagu suna motsi a kan gwiwarsa. Shi bai ma san suna yi ba. Don Allah ka duba ko za ta tashi."

Da ya buɗe akwatin sai warin tsohon katako da na ɓera ya tarye shi. Jitar ja ce a da, yanzu ta koma kalar busasshen barkono. Tsirkiyoyi huɗu ne suka rage cikin shida, duk tsatsa ta ci su. Ya shafa ta kamar mai duba majinyaci, ya ce wa yarinyar ta je, nan da kwana goma ta shirya masa wurin zama.

Fankoki suka yi ta taruwa a bakin ƙofa, masu su suna mita, ko a jikinsa. Ya kwance jitar ɗaya bayan ɗaya, ya jera kusoshinta a murfin gwangwani. Cutar tana can cikin 'yan maganaɗisun da suke ɗaukar sautin tsirkiya: wayar jan ƙarfen da aka naɗe ɗaya da ita, wadda ta fi gashin kai siranta, ta tsinke a can ciki. Sai an sake naɗi dubbai, kuma da hannu sai mutum ya tsufa bai gama ba. Ya leƙa wurin tela ya ce a ara masa keken ɗinki ya yi naɗin da shi. Tela ya ce, "Yau kuma rigar wa za ka ɓata?" Amma shi ya zauna yana taka masa keken a hankali, Injiniya yana riƙe da wayar tsakanin yatsu biyu, numfashi ma a hankali yake yi. Sau biyu tana tsinkewa suna komawa farko.

Ranar da ya haɗa ta da lasifika, ko tsirkiya bai ɗaura ba, sai wani gunji mai laushi ya cika shagon. A ƙarƙashin gunjin kuma, can nesa, ga muryar wata mace tana waƙa da harshen da bai sani ba. Ya san tashar rediyo ce wayar ta kamo, ai sana'arsa ce. Duk da haka ya zauna har la'asar yana saurare, yana ganin fitilun nan ja da kore suna yawo a bangon shagonsa.

Daga nan ya koma kan wuyan jitar, kuma a nan halinsa ya tashi. Tsakanin 'yan ƙarafan da aka gitta a wuyan, katakon ya lotsa wuri-wuri, ramuka takwas masu santsi, kowanne daidai kan yatsa. Shi lalacewa kawai ya gani. Ɗan kafinta ya mayar wa yayansa kaya da ramuka? Ina! Ya kwaɓa garin katako da gam, ya cike su tsaf, ya bari suka bushe, ya bi da samfefa mai kaushi, ya bi da mai laushi, ya haɗa kala har ido ba ya gane inda aka taɓa. Ya goge jikin jan nan ya dawo yana ɗaukar ido. Tela ya leƙo ya ce ko daga kamfani aka fito da ita sai haka. Injiniya ya ji daɗi har ƙeya, bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba.

Ran kwana na goma bayan azahar ya shiga ɗakin yayansa, jita a hannu ɗaya, ƙaramar lasifika a ɗayan. Malamar ta buɗe taga. Ya ɗora jitar kan cinyar tsohon.

Hannayen suka gane ta kafin mai su. Suka zagaya jikinta, suka hau kan kunnuwan ɗaure tsirkiya, suka shiga murɗawa, kunnensa a karkace. Ya buga tsirkiyoyin a sake, sautin ya fito da kauri, ya daɗe a ɗakin kafin ya sauka. Fuskarsa ta buɗe kamar ta wanda ya ji sallamar da ya sani. Sai hannun hagu ya hau wuyan. Ya zame sama, ya dawo ƙasa, yatsun suna lalube. Ya danna, sautin ya fito a karkace. Ya sake, ya sake kuskurewa. Ya tsaya.

"Wannan ba tawa ba ce."

"Taka ce, Yaya. Wallahi ita ce."

"To ina ramukana?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ce, da muryar da ta daɗe ba ta yi doguwar magana ba, "Ko lokacin da nake da ido ban taɓa kallon wuyan nan ba. Fitila tana dukan fuskarka, me za ka gani? Yatsuna ne suke faɗawa inda suka haƙa wa kansu." Ya miƙo jitar. "An gode, ƙanina. Ta yi kyau, na ji a hannuna." Ya fara juya fuskarsa ga bango.

Kunya ta rufe Injiniya, irin wadda bai taɓa ji ba. Shekara ashirin yatsun nan suka yi suna haƙa hanyarsu, shi ya share ta a yini ɗaya, har yana jiran yabo. Ya dubi wuyan jitar yana ƙyalli. Ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yar wuƙar da yake fere waya da ita, ya durƙusa gaban gadon, ya mayar da jitar kan cinyar yayansa.

"Yaya, ba ni yatsanka. Nuna mini na farko."

Tsohon ya juyo daga bango. Can sai ɗan alinsa ya taso, ya yi yawo kaɗan, ya sauka wani wuri kusa da ƙarfe na uku. Injiniya ya ɗage tsirkiyar ya kafa tsinin wuƙa. Malamar ta toshe bakinta da mayafi. Cikon bai kai tsohon katakon tauri ba, sai ya riƙa ɓarewa yana zuba kan zanen gado, ramin ya fito yadda yake, da santsinsa. Yatsan ya faɗa ciki ya zauna daram.

Haka suka yi ta yi, yatsa yana nunawa, wuƙa tana bi, kawunansu biyu masu furfura sun kusa haɗuwa. Rana ta tashi daga kan tabarma ta hau bango. A rami na huɗu tsohon ya fara buga wani ɗan kiɗa a hankali, yana tsayawa yana ci gaba. A na shida kiɗan ya miƙe, ƙafarsa tana taɓa ƙasa, maƙwabciya ta tsaya bakin taga da kwano a hannu ta manta abin da ya fito da ita. Injiniya ya matso da wuƙar zai nemi na bakwai, idonsa ya cika da ruwa har ba ya ganin katakon sosai. Yayansa ya ture masa hannu da gwiwar hannu, bai daina kaɗawa ba.

"Bar sauran biyun," ya ce. "Ni zan haƙa abina."