Irin Albasar da Ban Sayo Ba

Mun tashi da asuba daga Dakko, raɓa na jiƙa mana ƙafa, mu uku: ni, da uwargida, da ungozomar garinmu, tsohuwa mai baki kamar barkono. Su biyu suna da dalilin tafiya. Za su wani ƙauye kusa da Maradun su ɗauko yarinyar nan goyon ciki, tun da haihuwar fari gidan iyaye ake yinta. Ni kuwa na gaya wa duk wanda ya tambaye ni, har da wanda bai tambaya ba, cewa irin albasa zan sayo.

Yarinyar nan da nake faɗi ɗiyata ce ta fari. Kun san halinmu da ɗan fari: ba a faɗin sunansa, ba a yi masa magana kai tsaye, in ya faɗi gabanka ma sai ka dubi sama. Tun ranar da aka raɗa mata suna bai taɓa fita bakina ba, uwarta ma haka. To yaya za a yi gemu kamar nawa ya ce ya damu da cikin ɗiyar fari? Shi ya sa na raɓe da albasa, ko da yake yaron goye ma ya san Bakura ta fi Maradun iri mai kyau.

Ungozoma ta ɗauko wani farin akwatin ƙarfe a ka, tana tafiya da shi kamar wadda aka naɗa sarauta. Da damina aka tara su a Mafara, tsofaffin ungozomomin ƙauyuka, aka yi musu karatu, aka ba kowacce akwatin kayan aiki. Na ce mata, “Likita, in an gama da mata a duba min gwiwa.” Ta ce, “Gwiwarka ba ta da magani, lalaci na.” Ni da na yi yaƙi da jahilci jahilcin ya kusa cin nasara, ban ƙara ba.

A Bakura muka karya da koko da ƙosai, muka hau akori-kura. Wanda bai bi hanyar nan kwanan nan ba, ba zai gane ta ba. An fasa gonaki, an ja magudanan ruwa da siminti, miƙaƙƙu kamar an sa zare, wasu da ruwa wasu busassu suna jira. Wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna min inda gonarsa take da, yanzu babu ko tsamiyar da yake gane ta da ita.

Mun iske Mafara ranar kasuwa. Jama'a, tun da leburorin madatsar Bakolori suka fara karɓar albashi, komai ya yi fiffike. Hocen da nake saye in ƙoshi, yanzu ya koma kamar tafin hannun jariri, kuɗin kuwa ya girma. Mai tsire ko kallona bai yi ba, ya ga ba ni da hular kwano irin ta ’yan kamfani. Na tsaya wajen mai nono na sha fura, ita ce kaɗai a kasuwar da ludayinta bai rame ba. Uwargida ta sayi kanwa da kayan yaji na mai jego, tana yi tana ɓoyewa cikin zane, wai kada a ce tana ɗoki.

Daga Mafara zuwa Maradun hanyar ta tipa ce, mu bayin Allah raɓawa muke yi. Na hango madatsar daga nesa, bango ne da ya tare kogi gaba ɗaya, bayansa ruwa ya kwanta iyakar ganin ido. Na ga Turawa jajaye da gajeren wando suna ta nuni da hannu. A cikin ruwan can ƙauyen surukanmu yake da, shi ya sa aka tashe su aka kai su sabon wuri a kan tudu, gidaje a jere, babu itace ko ɗaya da mutum zai fake.

Mun isa rana ta take. Aka shimfiɗa min tabarma a zaure, muka shiga gaisuwa da ƙanen maigidan, wato baffan mijin yarinyar: gajiya, gida, iyali, dabbobi, sabon wuri, ruwa, aka sake komowa kan gajiya. Mijin yarinyar yana wajen aiki a madatsa, sai dare yake dawowa. Ina gaisuwa, kunnena na cikin gida. Shiru. Na ce a raina lafiya ke nan.

Ashe ba lafiya ba. Yarinyar ta ɓoye cikin tun farko saboda kunya, lissafinmu duk ya sha ruwa, watan da muka zaci na bakwai ashe na haihuwa ne. Tun jiya take durƙushe a ɗaki, ta cusa bakin zane a baki, duk wanda ya leƙa sai ta ce ba komai. Surukarta kuwa tana ta yabonta, wai ɗiyar mutunci, ko tari ba ta yi ba. An ba ta rubutu, an ba ta jiƙo, har an aika kiran wanzami ya zo ya yi mata yankan gishiri, wai shi ya tare hanya.

A da, ungozomarmu sai an haihu ake kiranta, ta yanke cibiya ta yi wanka. Wannan karon ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta shiga, ta daɗe. Da ta fito babu wasa a fuskarta. Daga zaure nake jin muryarta.

“Ba mai sa mata aska. Naƙudar da rana ta faɗi ta sake fitowa a kanta, ta fi ƙarfin ɗaki. Ƙafafunta sun kumbura. Mafara za mu, yanzu.”

Surukar ta ce, “Haba Inna, mijinta ba shi nan. Wa ka ba da izini? Ita kanta ta ce ba ta zuwa.”

Uwargida na tsaye, hawaye na zuba, amma kunya ta ɗaure mata harshe. Sai ga ungozoma a ƙofar zaure, ta riƙe ƙugu.

“Kai, mai albasa. Ubanta ka ke ko ɗan kallo?”

Na dubi ƙanen maigidan, ya dubi ƙasa. Na dubi ƙasar ni ma, ba ta ce min komai ba. Ban san sa'ad da na miƙe ba, na ratsa tsakar gidan surukai babu ko sallama, na tsaya bakin ƙofar ɗakin. Na ce, “Rabi.” Gidan ya yi tsit, har akuya ta daina tuƙa. Na ce, “Rabi, ni na. Tashi mu tai asibiti.”

Sai na ji kukan da ta danne tun jiya ya ɓalle. Ta ce, “To, Baba.”

Mota ita ce sauran magana. Na fita bakin hanya na tsaya tsakiya, na ware babbar riga kamar mai korar tsuntsu a gonar gero. Wata tipa ta ci burki, direban ya leƙo zai zage ni, ya hango matan sun riƙo ta, sai ya haɗiye zagin ya buɗe ƙofa. Aka sa ta gaba da ungozoma, ni da uwargida muka hau baya kan tsakuwa. Duk ramin da ke hanyar nan na san shi yanzu, ba da ido ba.

A ɗakin haihuwa na Mafara na ga abin da ya sa nake wannan rubutu da hannuna. Malamar da ta tarbe mu yarinya ce, ba ta fi ɗiyar tawa da yawa ba, ’yar garin, da farar riga. Na zaci za ta fara da faɗa, don na ji ana cewa haka suke. Sai ta rusuna ta ce wa tsohuwarmu, “Sannu Inna, kin kyauta da kika kawo ta. Tun yaushe?” Tsohuwa ta zayyana mata komai, ita kuma tana saurare. Suka shige tare, ni aka nuna min gindin dalbejiya.

Sauran labarin uwargida ce ta ba ni. Ta ce malamar ta ɗora wani ɗan ƙaho a cikin ta kara kunne, ta ce ɗan yana da rai amma ya gaji. Ta sa mata ƙarin ruwa a hannu, ta zauna kusa da ita tana shafa mata baya, tana cewa, “Nan ba surukai. Yi kuka, faɗa min inda ke ciwo.” Ungozomarmu na riƙe da kafaɗunta. Da jaririyar ta fito ba ta yi motsi ba. Malamar ta share mata hanci da baki, ta yi ta murza mata baya, ba ta fasa ba, ba ta ɗaga kai ba.

Ni dai ina gindin itace, na ja carbi har ya yi zafi, na karanta duk abin da na sani, da yake ba shi da yawa na yi ta maimaitawa. Ana kiran la'asar na ji wata ’yar murya siririya ta tsage. Wani mai gadi ya ce, “Baba, lafiya kake kuka?” Na ce masa tsakuwar tipa ce ta shiga min ido.

Malamar ta fito tana goge hannu. Ta ce uwa da ɗiya lafiya, amma da an ƙara jinkiri da wata magana ake yi. Ta ce in gaya wa mutanenmu mai ciki ta riƙa zuwa awo tun da wuri, kuma shirun mai naƙuda ba lafiya ba ne. Na rasa abin da zan ba ta, na miƙa mata ragowar hocena. Ta yi dariya ta karɓa da hannu biyu.

Mijin ya iso da hular kwanonsa, yana haki, ya durƙusa yana ta godiya. Da aka sallame su muka kamo hanyar Dakko gaba ɗaya, jaririya a hannun ungozoma, akwatin ƙarfen kuwa a kaina. Ni na roƙa a ba ni.

Labari ya riga mu isa gida. Abokaina na majalisa suna ganina suka fara, “Ina iri? A ba mu mu gani.” Na ce musu iri na ɗaki ana yi masa wanka, kuma na yi sabuwar amarya, duk ta fi matansu kyau.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da tsawo. Na ga bangon da ya tare kogi, na yi mamaki, amma bai kai mamakin tsohuwa da yarinya da suka haɗa hannu suka fitar da rai biyu ba. Kunya kuwa abu ce mai kyau, ina nan da tawa, sai dai na gane akwai ƙofar da ake ajiye ta a waje tare da takalmi.

Jiya da safe na wuce ta bakin ɗakin mai jego, ina kallon sama kamar yadda na saba. Sai na ji murya daga bayan asabari, ƙasa-ƙasa.

“Baba, ashe ka san sunana?”

Na ce, “Wa ya raɗa miki shi?” Na yi sauri na fice, kafin tsakuwar nan ta sake shiga min ido.