Wanda Ya Ɗauki Tulu Zuwa Kan Dutse

A gidanmu na Zuru, da an gama cin tuwon yamma Kaka takan jawo kujerarta kusa da murhu, ta binne gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta. A hankali Hausarta ke fita, in kalma ta kuɓuce mata sai ta cike da yarenmu. Duk tatsuniyoyinta ina so, ban da guda ɗaya da ke ƙona mini rai.

Wai wasu abokai uku ne suka shirya hawa dutse su kwana, da safe su ɗebi zuma. Biyu suka yi gaba ba su riƙe komai ba, na ukun ya ɗauki tulun ruwa da tabarma da abinci. Suna tafe suna waiwayowa, suna yi masa dariyar rashin sauri. Da suka isa sama suka shanye ruwan, suka baje a tabarmarsa, shi kuwa ya kwana a ƙasa. Da safe suka riga shi sauka da zumar, mutanen gari suka yi ta yaba ƙoƙarinsu. A nan Kaka take tsayawa.

"Shi ke nan, Kaka? Ba abin da ya same su?"

"Me zai same su? Sun sha ruwa, sun sha zuma."

"To shi fa?"

"Shi ai bai ce komai ba."

Nakan tashi in bar musu gyaɗar don haushi.

Bara, a hutun Kirsimeti, ni da ƙawayena biyu na sakandare, Rifkatu da Talatu, muka hau dutsen bayan gari don mu kwana. Ni na dafa shinkafa, ni na aro tanti, ni na ɗauki jarkar ruwa. Su kuwa wayoyinsu kaɗai suka riƙe. Muna tsakiyar hawa, wuyana kamar zai karye, Rifkatu ta ɗaga murya daga sama wai in yi sauri kada rana ta faɗi ba ta ɗauki hoto ba. Na sauke kayan, na zauna a kan jarkar.

"Daga nan ba na ƙara ɗaukar kayan kowa," na ce.

Talatu ta sauko da kunya ta karɓi jarkar, ta ce da yake ba ta ji na yi magana ba, sai ta ɗauka nauyin bai dame ni ba. Rifkatu ta ce na cika mita, ta kwana ta ba ni baya. Har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Da na dawo gida na daɗe ina tunanin me Kaka take nufi, ga shi ta rasu balle in tambaye ta. Abin da na tuno shi ne, kullum da safe ita ke ɗebo mana ruwa daga rafi, da tsufanta, muna wasa a ƙofar gida. Ba ta taɓa cewa a karɓe ta ba. Cikinmu kuwa ba wanda ya taɓa tashi, har da ni mai fushi da abokan nan biyu.