Daddawar Kaka a Cikin Dosiyena

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da daddawa ta tona mini asiri.

Shekarar da na gama karatu na dawo Konni, a gidan kakata na sauka. Na ji ana cewa a wasu ƙasashe gwamnati ke ciyar da marar aiki har ya samu. To, ni gwamnatina kaka ce, kuma tana da doka ɗaya: tuwo na wanda ya fita neman aiki ne.

Da farko na yi da gaske. Na zaga buro-buro, wato ofis-ofis, har Malbaza da Illela na je, kowa sai ya ce in dawo. Da na gaji, sai na gano dabara. Kullum da safe in sha guga, in rungumi dosiyena mai takardun neman aiki, in sha kwana zuwa fada wurin abokai, mu wuni shan shayi. Da la'asar in dawo ina jan ƙafa, ita kuwa ta ƙara mini miya don tausayi. Wallahi har ƙiba na yi.

Wata Laraba a fada abokaina suka fara toshe hanci, wani ya ce ɓera ya mutu a kusa. Har da ni a masu ɗaga tabarma.

Da na koma gida, kaka ta ce, "Angona, yau wane buro ka tahi?"

Na ce, "Uku na shiga, Kaka. Duk sun duba takarduna."

"Madalla. Buɗe dosiyen in gani."

Ina buɗewa sai ga ƙullin daddawa kwance a kan kwafin diplom ɗina, ta yi masa tambari.

"Tun ran Lahadi na sa ta," in ji ta. "Waɗanga ma'aikata ba su da hanci ne?"

Matan gidan suka fashe da dariya. Ni kuwa kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Ba ta yi faɗa ba, kwanona kawai ta ɗauka ta kife. Ta ce, "Ban ce dole ka samu ba, na ce ka nema. Tuwona ba ya ciyar da ƙarya."

Washegari ta haɗa ni da kawuna mai lambun albasa a Galmi. Makon farko hannuwana suka yi kanta, na yi ta mita. Yau ga shi ina da nawa lambun, har mutum biyu ke aiki tare da ni.

Na koyi cewa wanda ya tallafe ka kana nema, ba rashin samu ke ƙona masa rai ba, daina nema ne. Buhun albasata na farko kaka na kai wa. Ta dube shi, ta ɗauko kwanon nan ta buɗe, ta ce, "Matso, angona. Yau miyar ta ji daddawa."